Daga riƙon aji zuwa riƙon makaranta: ina hanyar take?

Sabon Alli
Assalamu alaikum iyayena da yayyena malamai. Tambaya gare ni, kuma don Allah a warware mini ita dalla-dalla, kada a sallame ni da "yi haƙuri, lokacinka na zuwa". Malamin firamare da ya shekara biyar ko shida yana riƙe da aji, yana kuma da burin wata rana ya zama hedimasta, me ya kamata ya soma yi tun yanzu? Karatu zai ƙaro, ko zama zai yi a layi har na gabansa su yi ritaya? Sannan wane aiki ne ake yi a ofishin nan wanda na aji ba sa gani?

Tsohon Hedimasta
Wa alaikumus salam ɗana. Fara raba abu biyu da mutane ke cakuɗawa. Matakin albashi daban, kujerar shugabanci daban. Mataki yana zuwa ne da shekaru da takardar shaida da jarrabawar ƙarin girma. Kujera kuwa naɗi ce. Hukumar da ta ɗauke ka aiki ita ke ba da ita, kuma tana iya karɓe abinta gobe ta mayar da kai aji, albashinka na nan yadda yake. Shi ya sa za ka ga malami a babban mataki yana koyar da 'yan aji huɗu, wanda bai kai shi ba kuma yana riƙe da wata ƙaramar makaranta.

Maganar takarda, kowace ƙasa da dokarta. In ka ɗauki Najeriya, NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, sai rajista da TRCN, hukumar rajistar malamai da aka kafa a 1993. Mai NCE kan fara a mataki na 07, mai digiri a na 08, kuma a ƙa'idar aikin gwamnati shekara uku ake yi kafin a hau na gaba, sai can sama ta koma huɗu. Wanda ya tsaya a NCE akwai inda zai kai ya cije, ba zai wuce ba sai da digiri. Wanda digirinsa ba na koyarwa ba ne sai ya haɗa da PGDE, wato difilomar koyarwa ta bayan digiri. Akwai hanyar karatu daga nesa, irin ta Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, da kuma karatun hutu na jami'o'i da kwalejojin ilimi.

Abu ɗaya da ke kayar da mutane a nan: kada ka fara karatun sai ka riƙe izini a rubuce daga hukumarka. Mutum ya gama shekara huɗu yana wahala, ya kawo takarda, a buɗe fayil a ce ba a san da tafiyarsa ba. Daga nan sai zarya.

Malamar Aji Ɗaya
Baba, Allah ya ƙara lafiya, amma a faɗa wa yaron nan gaskiya. A wurare da yawa layi ne da sanayya. Wanda ya fi daɗewa ko wanda ya san wani shi ake ba, ko da bai iya haɗa jadawali ba.

Sufeto Mai Jan Biro
Malama, ba ki yi ƙarya ba, ana yi. Sai dai ko inda ake sanayya, ranar da makaranta ta rikice aka rasa mai gyara ta, wanda aka san ya iya aiki ake nema. Kuma ba ko'ina ake barin abin ga layi ba. A Amurka yawancin jihohi sai malami ya yi wasu shekaru a aji, ya yi digiri na biyu a fannin shugabancin makaranta, ya karɓi lasisin jiha, galibi kuma ya fara zama mataimaki. Ingila ta ɓullo da takardar shaida ta musamman ga masu son shugabanci, NPQH, a 1997. Ta taɓa zama dole, a 2012 aka mayar da ita ganin dama, amma har yanzu ana yin ta. Faransa kuwa wani salon ne: daraktan firamare malami ne cikin malamai, a ƙananan makarantu ma yana riƙe da ajinsa, ana rage masa awannin koyarwa gwargwadon yawan ajujuwa, sufeto ne ke auna aikin malamai. Ko ta ina ka duba dai, an gane cewa iya koyar da yara bai isa ba, domin hedimasta manya yake sarrafawa.

Ƙanena Sabon Alli, tsakanin aji da ofis akwai matakala da ba a rubuta a takardar ɗaukar aiki ba. Ita ce ƙananan ayyukan da kowa ke gudu saboda babu ko kwabo a ciki: kula da jarrabawar zango, haɗa jadawali, rubuta bayanin taron malamai, shugabancin sashen ƙananan ajujuwa, duba shirin darasin sababbin malamai, wakilcin malamai a kwamitin makaranta. Karɓi ɗaya, ka riƙe shi shekara biyu ka iya shi sosai, sannan ka nemi wani. Duk aikin da aka ba ka, roƙi hedimasta ya rubuta maka takarda ko da layi uku ne, da kwanan wata da hatimi, kwafi ɗaya ya shiga fayil ɗinka, ɗaya ka ajiye a gida. Ranar tantancewa fayil ne ke magana kafin kai ka buɗe baki.

Mai Jadawali
Tunda Sufeto ya ambaci jadawali, bari in nuna dalilin da ya sa nake cewa da shi ya kamata a fara. Wanda ya haɗa jadawali sau ɗaya ya ga makaranta tsirararta.

Ɗauki makaranta mai aji 12, darasi 8 a rana, kowanne minti 35, kwana 5 a mako. Kowane aji na da darasi 40, makaranta gaba ɗaya 480. A ce malamai 14 ne har da hedimasta da mataimakinsa. Hedimasta ya ɗauki 6, mataimaki 18, saura 456 a kan mutum 12. Kowa zai ɗauki 38 ke nan, hutunsa darasi biyu kacal a mako, a ciki zai duba littattafan yara ya rubuta shirin darasi. Ba zai yiwu ba, kuma abin da zai fara mutuwa shi ne duba littattafai. In kana son kada kowa ya wuce 30, raba 456 da 30, za ka ga malaman aji 16 kake buƙata, wato giɓin mutum huɗu. Hedimastan da ya je hukuma ya ce "ba mu da malamai" ya faɗi abin da kowa ke faɗa. Wanda ya ajiye wannan lissafin a kan tebur, har da darussan da giɓin ya shafa, an fi sauraron sa.

Wajen zanawa kuma akwai abin da ke gaba da wani. Fara kafa abin da ba ya motsi, taron safe da lokacin tara. Sai malaman da ke zagaya ajujuwa da yawa da wuraren da ake rabawa, kamar filin wasa, domin su ne ke haddasa karo. Sai karatu da lissafi na ƙananan ajujuwa, a sa su da safe kafin yara su gaji. Ragowar a cike da su. Ka ba kowane malami harafi ɗaya a madadin sunansa, in ka gama ka bi kowane lokaci daga sama zuwa ƙasa. Harafi ya fito sau biyu a layi ɗaya, ka raba mutum gida biyu ke nan. Da fensir ake yi, kuma kada a manna a bango sai an gwada shi mako guda.

Abin da sababbi ke mantawa shi ne jadawalin maye gurbi. Malami zai yi rashin lafiya, malama za ta tafi hutun haihuwa. In ba a rubuta tun farkon zango wa zai shiga ajin wa ba, sai ka tarar da yara 50 da monita da sanda.

Sabon Alli
Na gode Yaya. To hedimasta dole ne ya koyar? Na ga ka ba shi darasi 6.

Tsohon Hedimasta
Ya koyar. Hedimastan da ya ajiye alli, cikin shekara biyu zai fara ba da umarnin da shi kansa ba zai iya bi ba, malamai kuma sun sani. Amma kada ya ɗauki darasin farko na safe, lokacin yana bakin ƙofa yana ganin wa ya zo wa bai zo ba.

Ba Sani Ba Sabo
Baba, a gafarce ni, a nan ban bi ka ba. A babbar makaranta yaran da hedimasta ke koyarwa su ne marayun makaranta. Yau an kira taro a ofishin ilimi, gobe baƙi, jibi wani uba ya zo da ƙara. Rabin darussan ba za a yi su ba, kuma babu mai iya tuhumar sa.

Tsohon Hedimasta
Maganarka na kan hanya, shi ya sa ba a ba shi lissafin aji shida. Ya ɗauki darasin da ke zuwa sau biyu a mako a ajujuwa uku, ya haɗa kai da wani malami da zai shiga in an kira shi. In makarantar ta kai aji 30, to na yarda ya rage, amma ya riƙa shiga maye gurbi.

Uwar Rajista
Ana ta maganar koyarwa, alhali abin da ke tsige hedimasta daga kujera yawanci takarda ce da kuɗi. Ɗana, je ka roƙi mataimakin hedimastanku ya bar ka ka zauna kusa da shi ranar rufe rajista. Ga abin da za ka lura da shi.

Rajistar shiga ita ce uwa. Kowane yaro lamba ɗaya yake samu ranar da aka ɗauke shi, da ita zai fita, kuma ba a sake ba wani ita ko ya bar makarantar. A ciki akwai cikakken suna, ranar haihuwa, sunan mahaifi ko mariƙi, ranar shiga, makarantar da ya baro, ranar fita da dalili. Bayan shekara 20 mutum zai dawo neman shaida, wannan littafin kaɗai zai cece shi. Ba a gogewa, ba a shafa farin ruwa. In an yi kuskure a ja layi ɗaya yadda za a iya karanta na ƙasa, a rubuta daidai a sama, a sa hannu.

Rajistar kiran suna kuma lissafi gare ta. Aji mai yara 45, ana kiran suna safe da bayan tara, kwana 5, zuwan da zai yiwu 450 ne. In aka ƙirga aka sami 396, halarta ta zama kashi 88 cikin 100. Inda ake kuskure: yaron da aka ɗauka ranar Laraba zuwa 6 ne a kansa a wannan makon, ba 10 ba, wanda kuma aka yi wa canjin makaranta a daina ƙirga shi daga ranar da ya tafi. Jimillar da aka haɗa a kwance dole ta yi daidai da wadda aka haɗa a tsaye. In ba su haɗu ba, akwai inda aka yi tsalle.

Sai littafin tarihin makaranta, wanda hedimasta kaɗai ke rubutu a ciki. Abin da ya faru ake rubutawa, ba ra'ayi ba. "An tashi yara ƙarfe 11 saboda iska ta yaye rufin aji biyar", wannan daidai ne. "Malam wane malalaci ne", wannan ba wurinsa ba ne, kuma zai iya dawo maka. Akwai littafin sa hannun malamai, na fita lokacin aiki, na baƙi, na kayan makaranta, na kuɗi, da kundin abin da aka koyar kowane mako. Ba su da wuya ɗaya-ɗaya. Wuyar ita ce a cika kowanne a ranarsa.

Sufeto Mai Jan Biro
Hajiya ta gama magana. In ƙara da yadda ake gane rajistar da aka cika rana ɗaya: biro ɗaya, karkatar hannu ɗaya daga Litinin har ƙarshen mako, babu yaro ko ɗaya da ya makara, wani lokaci har ranar hutu an kira suna. Mai dubawa zai shiga ajin ya ƙirga kawuna, ya ga 31 a zaune, rajista ta ce 44. Hedimastan da ya sa hannu a ƙasan shafin shi zai amsa, ba malamin kaɗai ba. Kada ka sa hannu a abin da ba ka ƙirga ba.

Malamar Aji Ɗaya
Duk na yarda, amma kada mu mayar da yaron nan akawu. Ana iya samun makaranta da littattafanta tsaf, 'yan aji huɗu ba sa iya karanta sunansu. Aikin da ya raba hedimasta da magatakarda shi ne shiga aji ya ga koyarwa, kuma wannan ma koyon sa ake yi.

Ka sanar da malami za ka zo, aƙalla a karon farko. Ka shiga kafin a fara, ka zauna a baya, ka zauna har ƙarshe. Leƙen minti biyar ta taga ba ya nuna komai sai tsoratarwa. Kada ka gyara wa malami a gaban yara ko da ya yi kuskure a allo, rubuta ka ajiye. Idonka ya fi zama a kan yara. Zana kujerun ajin a takarda, duk wanda aka tambaya ka sa masa ɗigo. Sau da yawa za ka ga ɗigon ya taru a kan yara biyar na gaba, layin baya fari fat. Duba agogo kuma: minti nawa malami ya yi yana magana, minti nawa yara suka yi suna karatu ko rubutu da hannunsu. Kafin ka fita ɗauki littafin aiki shida, biyu gaba, biyu tsakiya, biyu baya, kai za ka zaɓa, ba malami ba. Ranar da aka duba aiki na ƙarshe tana nan a rubuce.

A ranar za ku zauna, ku biyu kawai. Bar shi ya fara faɗin yadda ya ga darasin. Faɗi abin da ya yi kyau takamaimai, sannan gyara ɗaya tak. In ka jero masa goma babu wanda zai gyara. Ku sa ranar da za ka dawo, kamar bayan mako biyu, ka kuma dawo ɗin.

Ga gwajin da ko malamin aji zai iya farawa gobe. Rubuta ɗan labari mai kalma 60 daidai da matakin 'yan aji biyu. Buɗe rajista ka ɗauki kowane suna na huɗu har ka sami yara goma, don kada a turo maka zakarun aji. Kowane yaro ya karanta minti ɗaya, ka ƙirga kalmomin da ya karanta daidai, ka yi masa tambaya uku a kan labarin. Lambar da ta fi muhimmanci ita ce yawan waɗanda ba su iya ko kalma ɗaya ba. Ƙarshen zango a sake da wani labarin mai nauyi ɗaya. Asalin wannan salon shi ne EGRA, gwajin iya karatun 'yan ƙananan ajujuwa da aka fara a 2006, ana kuma amfani da shi a ƙasashe da dama. In sakamakon ya yi muni, dabarar ƙungiyar Pratham ta Indiya tana aiki: a ware awa ɗaya a rana a raba yara bisa abin da suka iya, masu harafi daban, masu kalma daban, masu jimla daban, ba bisa ajinsu ba.

Kuma in ka hau kujerar, malaminka mafi ƙwarewa ka kai shi aji ɗaya.

Mai Jadawali
Malama, wannan ta ƙarshen fa da wuya. Iyaye da hukuma sakamakon aji shida suke kallo. Ka ɗauke gwaninka daga can, sakamako ya faɗi bana, kafin 'yan aji ɗayan su girma an canza ka. Su kansu malamai gani suke an rage musu daraja in an kai su ƙasa.

Malamar Aji Ɗaya
Malam, gwanin aji shida faci yake yi wa rigar da ta yage tun aji ɗaya. Yaron da bai iya karatu ba, ko wa ka sa masa a shekarar ƙarshe sai dai ya haddace amsa. In gwanaye biyu gare ka, raba su sama da ƙasa. In ɗaya ne, ni dai ƙasa zan ce. Maganar daraja kuwa a hannun hedimasta take: ya sanar a taron malamai dalilin zaɓen, ya fara ba ajin littattafai da kujeru, ya sa malamin ya jagoranci horon sauran. Abin da ya ɓata aji ɗaya shi ne an mayar da shi wurin ajiye wanda aka rasa yadda za a yi da shi.

Ba Sani Ba Sabo
Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma shi ya fi ci wa sabon shugaba tuwo a ƙwarya: jiya abokinka ne kuna zama benci ɗaya, yau kai za ka ja masa layi a littafin sa hannu. In a makarantar da kake aka naɗa ka, abin ya ninka, musamman in akwai wanda ya girme ka yana ganin kujerar tasa ce. Je ka same shi tun makon farko, kai za ka je, ba kira za ka aika ba. Ba shi girmansa, ka ba shi wani aiki na gaske ya riƙe.

Makara ita ce gwajin farko. Minti 10 kullum kamar ba komai ba ne, amma a zango mai mako 13 minti 650 ne, ya haura darasi 18. Sa lokacin jan layi da kowa ya sani, ka riga kowa zuwa, ka ja shi a kan lokaci ko sunan amininka ne zai faɗo ƙasa. Rana ɗaya ka ɗaga wa wani, layin ya mutu.

In abu ya ci gaba, bi shi hawa-hawa. Magana a keɓe tukuna, ka tambayi dalili, domin wani lokaci matsalar gyaran jadawali kawai take so. Ka rubuta ranar da kuka yi maganar a littafinka. In ya sake, gargaɗi a rubuce. In ya sake, takardar tuhuma mai faɗin laifin da ranakunsa, da wa'adin amsa, ya sa hannu ya karɓa. Daga nan sai rahoto zuwa sama tare da kwafin komai. A makarantun gwamnati galibi hedimasta ba shi da ikon kora ko tsayar da albashi, saboda haka kada ka yi barazanar da ba za ka iya cikawa ba. Kuskuren da aka fi yi iri biyu ne: a yi shiru shekara guda sannan a fashe rana ɗaya babu ko takarda ɗaya a fayil, ko a tsallake maganar keɓe a fara da tuhuma.

Tsohon Hedimasta
Babba juji ne, wannan ka sa a ranka. Sai maganar ranar karɓar aiki, domin nan ake gadon bashin da ba a ci ba. Kada ka sa hannu a takardar miƙa aiki a ofis kana shan hira. Ku zagaya da mai barin gado da shaida na uku, littafin kaya a hannu. Ƙirga kujeru aji-aji, masu lafiya daban, karyayyu daban. Buɗe kabad ka ƙirga littattafai. Karɓi makullai, hatimi, takardun filin makaranta in akwai, da takardun shaidar yaran da ba su zo sun karɓa ba. Nemi bayanin asusu daga banki ka gwada da littafin kuɗi, ka tambaya a rubuce ko ana bin makaranta bashi. Abin da babu, rubuta babu, ku sa hannu ku uku. Kunya ce ke hana mutane yin haka, bayan wata shida kuma masu bincike su zo su tambaye ka kujera 40 da ba ka taɓa gani ba.

Kuɗin makaranta kada ya kwana a aljihunka, kada kuma ka ranta wa makaranta naka ba tare da rubutu ba, duka biyun suna ɓata lissafi. Asusu ya zama mai sa hannun mutum biyu, kada ka taɓa sa hannu a cakin da ba a cike ba. Kowace fita da rasit, kowane rasit da lamba a littafi. Kada ka ƙirƙiro wani kuɗi a kan yara ba da izinin hukuma ba, ko da niyyarka gyaran rufi ce. Kai maganar gaban kwamitin makaranta, a rubuta a bayanin taro, abin da ya shigo da abin da aka kashe a manna a allon sanarwa kowane zango.

Wata na farko kuma kada ka canza komai sai abin da ke da haɗari ga yara. Kalla tukuna.

Uwar Rajista
Ƙarin bayani kan jiran layi. A Najeriya dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 da haihuwa ko 40 a aiki, don haka a jihohin da suka ɗauke ta kujerun manyan makarantu za su daɗe ba su saki ba. Ƙaramar makaranta ta nesa wadda kowa ke ƙi ita ce gajeriyar hanya, kuma can ake koyon komai, tunda kai ne shugaba kai ne akawu, wataƙila kana haɗa aji biyu a ɗaki ɗaya. In an ce ka yi riƙon ƙwarya, karɓa, amma da takarda. Riƙon baki ba ya shiga fayil.

Wannan har da 'yan'uwana mata. Da yawa su ke riƙe da rajista da jarrabawa shekara da shekaru, in an buɗe neman mataimaki sai su ce bari a ba maza. Ku nema.

Ba Sani Ba Sabo
Kuma ba kowa ne ya kamata ya nema ba, Hajiya. Wanda daɗinsa duk a cikin yara yake, ya tsani taro da takarda da rigimar manya, zai iya hawa matakinsa yana aji, ko ya bi layin horar da malamai. An sha yin asarar gwanin malami a sami raggon hedimasta.

Sabon Alli
Allah ya saka da alheri, na cika shafi huɗu. Tambaya ta ƙarshe ga Sufeto: in an kira mutum tantancewa, me ake tambaya?

Sufeto Mai Jan Biro
Za a taɓa dokokin aiki da manhaja da littattafan da Hajiya ta lissafa, wani lokaci a miƙo maka shafin rajista a ce fitar da kashin halarta nan take. Amma inda ake rarrabe mutane shi ne tambayar "ya za ka yi". Malamai uku ba su zo ba ranar jarrabawa. Uba ya shigo da faɗa an bugi ɗansa. Malamin da ya girme ka ya ƙi rubuta shirin darasi. Kada ka ce "zan yi bakin ƙoƙarina". Faɗi abin da za ka yi da farko, da na biyu, wa za ka sanar, a wane littafi za ka rubuta.

Wadda ta fi kayar da mutane ita ce ta yarinya ko yaron da ya kawo ƙarar wani babba ya taɓa shi ta hanyar da ba ta dace ba. Da yawa sukan ce za su kira malamin su ji ta bakinsa, ko su sasanta a ofis don kare sunan makaranta. Duka biyun faɗuwa ce. Ka saurari yaron a natse ba tare da yi masa tambayoyin da ke sa masa magana a baki ba, ka rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, da rana da lokaci. Kada ka yi masa alkawarin ɓoyewa, kada ka haɗa shi fuska da fuska da wanda ake zargi. Ka raba su nan take, ka sanar da hukumarka da jami'an kare yara a ranar, da iyayensa in ba daga gida abin ya fito ba. Bincike ba naka ba ne.

Ka zo da asalin takardunka da kwafi biyu-biyu, da takardun ƙananan ayyukan nan da na ce a rubuta maka. In ka yi gwajin karatun da Malama ta kwatanta, zo da sakamakon farkon zango da na ƙarshe a shafi ɗaya.

Malamar Aji Ɗaya
Ka sa lamba kawai a madadin sunayen yaran a shafin gwajin, kada ka kai sunan ɗan kowa gaban kwamiti.